Ƙafar da Ta Kumbura Ba Ta Jiran Fatawa

 

Shekaru da yawa ke nan ina riƙe da alƙalamin dattijon unguwarmu. Ni ke rubuta sulhun gona da na aure, ni kuma ke riƙe da littafin asusun taimako da muke tarawa bayan sallar Juma'a. Aikin magatakarda ya rubuta abin da manya suka yanke, ya kama bakinsa. Yau zan saɓa wa wannan al'ada, da izinin maigidana, saboda an yi wata magana a zaurenmu wadda ta hana ni barci.

Wata tsohuwa ce ta yi sallama, cikin waɗanda suka gudo daga Madani lokacin da garin ya faɗi a watan Disamba na 2023. Ta durƙusa ta ce ɗanta na kwance, ƙafafu sun kumbura, ga zazzaɓi, ba ta da kuɗin magani. Da aka tambayi ko wane ne, sai zauren ya yi tsit. Kowa ya san shi. Yana cikin waɗanda iyayenmu ke kira 'yan daudu: an haife shi da halittar maza, yana rayuwa irin ta mata, girkin biki da ƙunshin amare ne sana'arsa, kuma a tsakanin abokan zamansa da sunan mace ake kiransa, shi ma haka ya ɗauki kansa. Uwarsa "ɗana" take cewa, ni ma bakinta zan bi.

Ga yadda ciwon ya samo asali. Ya saba cire gashin ƙwauri da halawa kamar yadda matan ƙasar nan ke yi. Da sukari ya yi tsada sai ya koma reza, reza guda kuma su huɗu suke amfani da ita a ɗakin da suke haya. Ƙuraje suka feso. Sai ya sayi man cire gashi a wurin masu auna mai da cokali a leda, irin shagunan nan da ake kira "gadar zurufak", ya shafa a kan ƙurajen, ya bar shi ya daɗe don ya ci gashin sosai. Man ya ci gashin, ya haɗa da fatar. Da wurin ya yi baƙi, aka auna masa wani haɗin na biyu wai zai goge tabon. A nan ne mugunya ta taru. Ya je wata saidaliyya sau ɗaya, mai shagon ya dubi lallen hannunsa ya kira maƙwabcinsa su yi dariya. Ya koma gida ya rufe ƙafar da zane har mako uku.

A zaure, wani bawan Allah da nake girmamawa ya ce kuɗin da aka tara a ƙofar masallaci ba za a kashe su a kan wanda ya jawo wa kansa ba. Wasu suka gyaɗa kai. Dattijo bai ce uffan ba, ya sa hannu a aljihunsa ya biya. Ƙafar ta tsira. Amma a littafin asusu babu layin da ya nuna jama'a ta taimaka, kuma wannan gurbin da ba a rubuta ba shi ne abin da nake ƙara a kansa.

Bari in fara da fata, tun da ita aka zalunta da farko. Gashinmu na baƙar fata murɗaɗɗe ne. Idan aka aske shi ƙwal, ko aka tumɓuke shi ya karye a ƙarƙashin fata, sai ya tsiro a lanƙwashe, bakinsa mai kaifi ya soki fatar ya koma ciki. Jiki ya ɗauke shi kamar ƙaya, wurin ya kumbura ya yi ƙaiƙayi. Wannan shi ne ƙurajen da ke fitowa a wuyan maza bayan aski. Wanda ya balaga a jikin namiji kuwa gashin ƙafarsa ya fi kauri, ya fi yawa, ya fi saurin dawowa, don haka yana yawan cirewa, fatar ba ta samun hutu. Ko masu shan maganin sauya sinadarin jiki a ƙasashen da ake yin haka, gashin raguwa yake yi a hankali, ba ya ɓacewa. Man cire gashi kuma narkar da gashi yake yi da sinadari mai kaifi, dangin jir, kuma abin da aka gina gashi da shi da shi aka gina saman fata. Shi ya sa kamfanonin da ke yin sa suke rubuta mintoci kaɗan a jikin kwalin, galibi ba su wuce 10 ba, suke kuma hana shafa shi a kan rauni. Wanda aka auna wa a leda ba shi da kwali, balle ya karanta.

Fatarmu tana da wata ɗabi'a: duk inda ta ji ciwo, baƙin tabo take bari, ya yi watanni kafin ya washe. Nan ne masu haɗe-haɗe ke cin kasuwarsu. Mafi yawan abin da ke sa haɗinsu "aiki" cikin kwanaki shi ne kotizon mai ƙarfi, wani lokaci da sinadarin bilicin, wani lokaci har da zaiba, wadda ke lalata ƙoda. Kotizon yana kwantar da ja da ƙaiƙayi, mutum ya ɗauka sauƙi ya samu, alhali yana sirantar da fata, yana kashe ƙarfinta na yaƙi da ƙwayar cuta, makero da ƙuraje su bazu a ƙarƙashinsa. Rezar taron dangi kuwa hanya ce ta ciwon hanta da ƙanjamau, ko a hannun wanzami take ko a ɗakin haya.

Rigakafin bai fi ƙarfin talaka ba. A jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu kafin aski. A yi amfani da sabuwar reza, ta mutum shi kaɗai, a bi yadda gashi ya kwanta, kada a ja fata a yi ta maimaitawa. Halawa a gwada zafinta a bayan hannu, kada a ɗora ta a kan ƙurji. Man cire gashi a gwada a ɗan wuri kwana guda kafin a shafe ƙafa. Bayan cirewa a bar fata ta huta kwana ɗaya ko biyu: ban da humra, ban da dilka, ban da zaman duhan, ban da matsattsen tufa. Idan ƙuraje sun fito a dakata har su warke, kada a tone su da allura. Idan kuwa ja yana faɗaɗa, ko mugunya ta taru, ko zazzaɓi ya shigo, musamman ga mai ciwon sukari, to maganar ta wuce gida, sai likita, a ranar. Wannan bayani na amaryar da za a kai gobe ne, na saurayin da wuyansa ya lalace ne, kuma na ɗan tsohuwar nan ne. Duk wata mai gyaran jiki ta kirki a Gadarif ta san rabinsa. Abin da ya hana shi isa kunnen wanda ya fi bukata shi ne dariyarmu.

Yanzu ga masu cewa addini ne ya hana su. Ni ma a gaban malam na tashi, da allo na fara, na sauke Risala kafin gemu ya fito mini. Ibn Abi Zaid, a babin fiɗira, ya lissafa abubuwa biyar, sannan ya nuna babu laifi a cire sauran gashin jiki. Magabata ma suna da nasu man cire gashin, nura, wanda ake haɗawa da jir. Ashe cire gashin ƙwauri shi kansa ba shi ne laifin ba. Za ku ce laifin kamanceceniya da mata ne, kuma akwai hadisin tsinuwa a kai. Na sani, na karanta shi, ban zo in goge shi ba. Amma ku karanta har ƙarshen shafi. Imamu Nawawi a sharhinsa na Sahihu Muslim ya raba irin waɗannan mutane gida biyu: wanda haka aka halicce shi, bai ƙirƙira ba, wannan babu zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan. Wane ne a zaurenmu ya shiga zuciyar ɗan tsohuwar nan ya gano gidan da yake?

A Madina ma akwai su. Buhari da Muslim sun kawo labarin wanda yake shiga ɗakin Ummu Salama, ba a hana shi ba sai ranar da aka ji yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa. Abu Dawuda ya kawo na wani da aka zo da shi da lalle a hannu da ƙafa. Aka fitar da shi zuwa Naƙi'u, da aka nemi izinin kashe shi kuwa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana, saboda mutumin mai sallah ne. Ku ɗauki mafi tsananin waɗannan ruwayoyi, ku nuna mini inda aka ce a bar shi da ciwo, ko a hana shi magani. Addinin da ya ba mu labarin macen banza da aka gafarta wa saboda ta shayar da kare mai ƙishirwa, shi ne za a jingina wa hana ɗan Adam allurar kashe mugunya?

Sai hujjar "shi ya jawo wa kansa". Littafin asusu yana hannuna, kuma ba zan tona asirin kowa ba. Amma mun biya wa wanda ya karye a kan babur yana gudun ganganci. Mun biya wa wanda tumbak ya ɓata wa baki. Mun biya wa amaren da wannan haɗin na leda ya ƙone wa fuska, ba sau ɗaya ba. Ba a taɓa tsayar da mai ciwo a ce sai ya kawo shaidar tsarkinsa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

An kuma gwada tsanani a ƙasar nan, mun ga iyakarsa. A watan Agusta na 2010 kotu a babban birni ta yi wa samari 19 bulala 30-30 a bainar jama'a saboda tufafin mata da kwalliya. Dokar Nizamul Am ta yi shekaru tana bin mutane har cikin gidajen biki kafin a soke ta a watan Nuwamba na 2019. Bulala ba ta sauya halittar kowa ba. Abin da ta koya musu shi ne ɓuya, kuma mai ɓuya ba ya zuwa asibiti, wurin mai leda yake zuwa. A garin da kwalara ta ɓarke a 2023, garin da ya cika da 'yan gudun hijira ana kwana goma a ɗaki, duk wanda muka kora daga magani mun ajiye wa kanmu cuta a bayan ɗaki. Reza ba ta tambayar wanda ta yanka jiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mu Hausawan Sudan ne muke wannan. Kakanninmu sun biyo hanyar gabas bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, suka kafa Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu hanyar Hajji ta ajiye su. Mun noma dawa da riɗin ƙasar nan fiye da shekara 100, har yau akwai ofishin da za ka faɗi sunan kakanka a ɗaga kai a dube ka. A watan Yuli na 2022 an kashe mutum fiye da 100 a rikicin Nilul Azrak, bayan an ce Bahaushe ba shi da ƙasar da zai yi sarauta a kanta, mu ma nan Gadarif muka fita titi muna cewa mu mutane ne. Wanda ya san zafin a dube shi a rufe ƙofa, bai kamata ya koyi rufe ta ba. Ranar da aka zo ƙona rumfunan Hausawa, babu mai tambayar wane ne ɗan daudu wane ne liman.

Ba na neman kowa ya sauya aƙidarsa. Malam ya yi wa'azinsa, uba ya yi wa ɗansa nasiha, wannan hurumin su ne. Abin da nake nema uku ne. A rubuta a ƙa'idar asusu cewa sharaɗin taimako ciwo ne da rashi, babu na uku. 'Ya'yanmu da ke aiki a saidaliyya da asibiti su tuna amanar da suka ɗauka: a dubi rauni, a ba da magani, a rufe sirri. Masu gyaran jiki da iyaye mata kuma su yaƙi man leda a kowane gida, su faɗa wa duk wanda ya tambaye su gaskiyar abin da ke ciki, ko wane ne shi.

Tsohuwar ta dawo bayan sati biyu da ƙullin gyaɗa, ta ce a ba jama'a, ta gode. Ba ta san jama'a ta ƙi ba, dattijo kuma ya hana a faɗa mata. Muka ci gyaɗar a zaure, har da wanda ya yi maganar. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Juma'a mai zuwa zan kawo littafin a buɗe, in karanta wannan ƙa'ida a gaban kowa. Mai ja ya zo da hujjarsa da littafinsa, zan saurare shi da ladabi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira. Wassalam.