Shigar Mutunci a Coci Ba Tsawon Zane Kaɗai Ba Ne

'Yan'uwa ɗalibai, duk lokacin da aka ɗauko zancen shigar mutunci a coci-cocinmu na Suleja, a kan 'yammata ake sauke shi: wando, matsattsen siket, rashin ɗankwali. Ban ce babu gaskiya a ciki ba. Wadda ta zo sujada da siket ɗin da sai ta yi ta jan sa ƙasa kafin ta zauna, ita ma ta san ba ta kyauta ba.

Amma mu duba ayar da masu wa'azi suka fi kafa hujja da ita, wato 1 Timoti 2:9-10. Abubuwan da Manzo Bulus ya ambata su ne kitson ƙawa, zinariya, lu'ulu'u da tufafi masu tsada. Haka ma 1 Bitrus 3:3-4. Ke nan har da fariya ake yi wa faɗa. To, me ya sa ba ma jin an taɓa uwar da ta shigo da leshi mai tsada, gwal har wuya, ta zauna kusa da gwauruwar da zane ɗaya gare ta? Ko don baikonta ya fi kauri?

Shi ya sa ankon Zumuntar Mata ta ECWA yake burge ni. Zane iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya. Idan suka jeru suna waƙa, ba ka bambance ma'aikaciyar da ke zuwa ofis Abuja da mai sayar da doya a kasuwa. Ko da yake yanzu wasu sun fara ɗora wa ankon ma sarƙar gwal.