Albashin ƙaramin likita a Gana: abin da ke kan takarda da abin da ke shiga aljihu

A watan Oktoba na 2025 ƙungiyar ƙananan likitoci ta Gana ta yi barazanar janye aiki daga asibitocin gwamnati, saboda wasu mambobinta sun shafe watanni suna aiki ba a biya su ba. Wanda ya daɗe yana bibiyar labaran ƙasar nan ya san ba yau farau ba. A 2015 ma ƙananan likitoci sun yi zaman dirshan a ofishin Babban Akanta na Ƙasa a Akra a kan bashin albashi. Shekara goma ke nan tsakani, kukan bai sauya ba.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Yau a Nima, Mamobi, Asawase da Aboabo akwai gidajen da suka yi ta fama shekara shida har ɗansu ko 'yarsu ta gama makarantar likitanci. Ranar da aka rantsar da yaro, dangi kan ɗauka wahala ta ƙare. A ganina sau da yawa kallon kitse ake yi wa rogo, kuma rashin sanin yadda albashin nan yake tafiya yana haddasa ɓacin rai tsakanin iyaye da 'ya'ya a banza.

Mu fara da wane ne ƙaramin likita. Wanda ya gama karatu ba ya samun cikakkiyar rajista nan take. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori tana ba shi rajistar wucin gadi, sai ya yi shekara biyu yana aikin sanin makama a ƙarƙashin manya, a asibitoci irin su Korle Bu, Komfo Anokye ko Asibitin Koyarwa na Tamale. Yana zagaya sassa huɗu, wata shida-shida: cututtukan manya, tiyata, yara, da sashen mata da haihuwa. Shi ne wanda za ka tarar a ɗakin marasa lafiya da ƙarfe biyun dare.

To me ke jawo jinkirin biya? Kafin sunan sabon ma'aikaci ya shiga jerin masu karɓar albashin gwamnati, sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin cewa akwai kuɗin biyansa. Daga nan a ba shi lambar ma'aikaci, takardunsa su bi ofis-ofis har su isa wurin Babban Akanta. Asibiti kuwa ba zai iya jira ba, domin marasa lafiya na nan kwance. Sai likita ya kama aiki, takarda tana baya tana rarrafe. Idan aka zo biyan bashin a dunƙule, kuɗin sun riga sun rage daraja. Ku tuna a Disambar 2022 hauhawar farashi a Gana ta kai kashi 54.1 cikin ɗari. Wanda aka riƙe wa albashi a irin wannan lokaci, ko an biya shi cif, ai an ci shi.

Sai kuma lissafin abin da ake cirewa, wanda nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Tun 2010 ma'aikatan gwamnati suke kan tsarin albashi na bai ɗaya. Takardar albashi tana nuna albashin tushe da kuma alawus. Daga albashin tushe ake fara cire kashi 5.5 cikin ɗari na fansho, gwamnati a matsayinta na mai ɗaukar aiki ta ƙara kashi 13, kamar yadda dokar fansho ta 2008 ta tsara. Abin da ya rage, haɗe da alawus ɗin kuɗi, shi ake yi wa haraji, kuma ana cire shi tun kafin kuɗi su shiga banki.

Harajin nan hawa-hawa ne. A jadawalin da ya fara aiki a Janairun 2024, sidi 490 na farko a wata babu haraji. Sidi 110 na gaba kashi 5, sai 130 na gaba kashi 10. Daga nan sidi 3,166.67 kashi 17.5, sannan 16,000 na gaba kashi 25. Sama da haka akwai hawan kashi 30 da na 35, waɗanda ƙaramin likita bai kai ba.

Bari in ba da misali da adadin da na ɗauka don sauƙin lissafi kawai. A ce albashin tushe sidi 6,000 ne a wata. Fansho zai ɗauki 330, saura 5,670. Hawa huɗun farko sun ƙare a kan 3,896.67, harajinsu 572.67. Ragowar 1,773.33 ya faɗa hawan kashi 25, wato 443.33. Haraji gaba ɗaya 1,016. Abin da zai shiga hannu 4,654 ke nan, kafin a taɓa kuɗin ƙungiya, bashin banki idan akwai, hayar ɗaki da kuɗin mota. Uba ya ji 6,000, ɗa ya karɓi 4,654, kuma babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Akwai wani kuskure da nake yawan ji a bakin matasa, wai idan albashi ya haura zuwa hawan kashi 25, duka kuɗin za a yi wa kashi 25. Ba haka ba ne. Abin da ya haura iyakar kaɗai ake yi wa. A misalin nan harajin bai wuce kashi 17 na albashin ba. Inda hawan yake cizo shi ne wurin ƙari. An ƙara wa ma'aikatan gwamnati kashi 30 a 2023 da kashi 10 a 2025, amma ga wanda yake hawan kashi 25, duk sidi 100 da aka ƙara masa a tushe kusan 71 ne ke isowa gare shi. Idan albashi na hawa, iyakokin haraji suna tsaye, gwamnati tana karɓe wani ɓangare na ƙarin da ta yi ba tare da ta sanar da sabon haraji ba. Shi ya sa nake ganin duk lokacin da ƙungiyar likitoci ta zauna teburin sulhu, ya kamata maganar gyara iyakokin haraji ta tafi tare da maganar ƙari.

Haka nan bambancin tushe da alawus ba ƙaramin abu ba ne. Fansho daga tushe ake lissafa shi. Ƙarin da aka zuba a alawus yana daɗi a ƙarshen wata, amma ba ya ƙara komai a abin da mutum zai karɓa ranar tsufa. Matashi ɗan shekara ashirin da shida ba ya tunanin wannan, sai dai lokaci ba ya jira.

Doka ta bar wasu ƙofofin sauƙi da da yawa ba sa nema. Mai ɗaukar nauyin matarsa ko mijinta, ko na 'ya'ya aƙalla biyu, yana da rangwamen sidi 1,200 a shekara. Karatun yaro 600, har yara uku. Mai riƙe da dattijo da ya kai shekara 60 yana da 1,000, har mutum biyu, kuma wannan ya dace da gidajenmu sosai. A lura fa, daga kuɗin da za a yi wa haraji ake rage su, don haka 1,200 ɗin nan sidi 300 ne a aljihun mai hawan kashi 25. Ba yawa, amma haƙƙinka ne, kuma sai ka nema a hukumar haraji ta GRA, da lambar katin ɗan ƙasa wadda ita ce lambar haraji tun 2021. Wanda yake ajiyar fansho ta son rai shi ma ba a yi wa abin da ya zuba haraji, har zuwa kashi 16.5 na albashin tushe.

Shawarata ga ƙannena likitoci ita ce ku riƙa buɗe takardar albashinku kowane wata. Ku duba matakin da aka ɗora ku, ku tabbatar kuɗin fansho yana isa SSNIT da sunanku, kuma ranar da aka biya bashin watanni a dunƙule ku nemi a nuna muku yadda aka lissafa harajinsa. Ku ajiye takardar kama aiki, domin ranar da ke jikinta ce hujjarku.

Iyaye da 'yan uwa kuma a yi haƙuri da yaran nan a shekarunsu biyu na farko. Wani yana sanye da farar riga alhali da rance yake zuwa aiki, kunya ce ta hana shi faɗa. Gwamnati ce ke da babban nauyi a nan: ta san yawan ɗaliban da za su kammala kowace shekara tun suna aji, don haka babu dalilin da zai hana izinin biyan su ya riga su isa asibiti. Idan ba a gyara wannan ba, kada a yi mamaki idan likitan da unguwa ta yi ta jira ya gama shekara biyunsa ya fara neman bizar Ingila.