Raddi ga mai cewa jiragen sama na zagaye da fasinja

Wani marubuci ya yi da'awar cewa jirgin da ke tashi daga Dubai zuwa Los Angeles yana lauya hanya da gangan, yana bi ta saman Rasha da yankin ƙanƙara na arewacin duniya, domin a tsawaita tafiya a tatsi fasinja. Hujjojinsa uku ne, kuma za mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, ya ce layin da aka ja sambal a kan taswira shi ne hanya mafi kusa. Sai mu ce masa: taswirar da yake dubawa irin wadda Mercator ya zana ce a 1569, wadda ta shimfiɗe duniya alhali duniya a dunƙule take. Shi ya sa tsibirin Girinlan ke fitowa kamar ya kai Afirka girma, bayan kuwa Afirka ta ninka shi kusan sau 14. Ya kife ƙwarya, ya ɗiga tawada a gefe biyu masu kallon juna, ya ɗaure zare tsakaninsu ya ja. Zai ga zaren ya haye ta kan ƙwaryar, bai bi bakinta ba.

Na biyu, ya ce kamfani na cin riba da tsawon hanya. Lissafi ya ƙaryata shi. Hanyar arewa kimanin kilomita 13,400 ce, layin da yake so a bi ta saman Masar da tekun Atilantika kuwa ya kusa 16,800. Man jirgi na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin kamfani, to wane ɗan kasuwa ne zai ƙona man kilomita 3,400 a banza?

Na uku, ya ce da nisan ɗaya ne, da zuwa da dawowa sun ɗauki lokaci ɗaya. Ya manta da iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas a can sama inda jirage ke tafiya. Ita ce ta tura jirgin British Airways a Fabrairun 2020 ya zo Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56, tafiyar da kan haura awa 6.

Da marubucin ya tambayi Musulmin Amurka ma da ya huta. Alƙiblar mafi yawansu arewa maso gabas take, duk da Makka na kudu da su a taswira, domin da lissafin dunƙulalliyar ƙasa ake fitar da ita, irin wanda Albiruni ya yi rubutu a kai shekaru kusan dubu da suka wuce. Wanda ya yarda da wannan lissafi a sallarsa ba shi da dalilin musanta shi ga matuƙin jirgi. Allah ne mafi sani.