Batirin mota a madadin janareto: riba ce ko asara?

Idan dai ba a manta ba, a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin Yamai, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasar ke sha, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. A watan Oktoba na 2024 kuma, yawancin jihohin arewacin Nijeriya suka shafe kwanaki cikin duhu. Ga tsadar fetur tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Mu da ke kasuwannin Jibiya, Ɗan Isa, Illela da Ƙonni mun san ƙanƙarar da ta narke da kifin da ya lalace.

Wannan ne ya sa maganar jona batirin mota mai aiki da lantarki da gida ta cancanci mu dube ta da idon ɗan kasuwa. Dabarar ta yi ƙarfi ne a Japan bayan girgizar ƙasar 2011, inda kamfanin Nissan ya fito da na'urar da ke jawo wuta daga motarsa ƙirar Leaf zuwa gida a 2012. A Amurka, Ford ya ce motarsa F-150 Lightning ta 2022 za ta iya riƙe gida kwana uku. Wasu motocin Hyundai da BYD kuma suna da soket da ake jona firiza ko fanka kai tsaye.

Mu yi lissafi. Akwai Leaf mai batirin da ke ɗaukar yunit 40, irin yunit ɗin da muke saye a mita. Gidan da ke cin yunit 5 a rana, wato fankoki, ƙwayaye, firiza da cajin waya, zai samu kwana biyar zuwa shida bayan an cire abin da ke zubewa a hanya. Ba hayaƙi, ba ƙara, ba layin gidan mai.

Sai dai fa mota randa ce, ba rijiya ba. Abin da aka zuba mata shi take bayarwa. In wutar gari ta ɗauke mako biyu, wanda ba shi da faifan sola a rufin gidansa zai rasa wuta, ya kuma rasa abin hawa. Haka nan da rana, lokacin da mai gida ya tafi kasuwa da motar, gida ya koma duhu.

Na biyu, zafi maƙiyin batir ne. Tsofaffin Leaf ba su da ruwan sanyaya batir, kuma tun 2012 masu su a jihar Arizona suka koka da saurin raguwar ƙarfinsa. Ina ga bazarar Maraɗi ko Sakkwato? Duk wanda zai sayi ta hannu, ya sa a auna lafiyar batirin kafin a yi ciniki, domin shi ne mafi tsada a jikin motar.

Na uku, ba kowace mota ke bayar da wuta ba, kuma na'urar Japan ta gidajen Japan ce masu bolt 100, alhali namu 220 ne zuwa 230. Dole kuma a sa makunnin da ke raba gida da layin gari, in ba haka ba wutar za ta koma kan waya ta halaka ma'aikacin da ke gyara.

Shawararmu ita ce, mai neman wutar shago kawai ya fara da sola da batirin gida, sun fi araha nesa ba kusa ba. Wanda dama zai sayi motar don sufuri, ya nemi mai bayar da wuta. Masu shigo da kaya kuwa su fara tambayar masu sayar musu farashin caja, inbata da makunni, domin in motocin suka yawaita, cinikin yana wajen kayan haɗinsu.