Masanin Fasahar Mazubi: Sana'ar da Ba Ta Cancanci Raini Ba

Hausa tana da wadatar kalmomi na abin da ake zuba kaya ko a naɗe su a ciki: ƙunshi, buhu, mangala, tulu, kwali, leda, gwangwani. Abin da ba ta tsayar ba tukuna shi ne sunan mutumin da ke zaɓar mazubin da ya dace da kowace haja, ya gwada shi, ya tabbatar kayan za su isa hannun mai saye lafiya. A nan za a kira shi masanin fasahar mazubi. Rashin sunan ya taimaka wajen raina sana'ar, har ɗalibi ya ɗauka ɗaurin kaya ne kawai. Wannan kuskure ne, kuma manomi da ɗan kasuwa ne ke biyan kuɗinsa.

Buhun wake mai hawa uku, wanda aka sani da PICS, ya isa hujja. Masanan jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu a arewacin Kamaru suka faro bincikensa, aka shiga yaɗa shi a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma masu binciken INRAN na Maraɗi suna cikin waɗanda suka yi aikin. Ledoji biyu ne masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. In an ɗaure bakin kowanne da kyau, ƙwarin da ke cikin waken sukan shaƙe ƴar iskar da ta rage, su daina ci da hayayyafa, su mutu, ba tare da an barbaɗa guba ba. Da haka manomi kan riƙe wakensa har farashi ya tashi. Amma a zuba albasar Galmi a wannan buhu, ruɓewa za ta yi, domin ita iska take so. Kilishi kuwa danshi ne abokin gabansa, kuma wanda aka naɗe a takarda a bakin tasha ba zai samu shiga manyan kantunan ƙetare ba, komai daɗinsa. Sanin wannan bambanci, da auna shi a ɗakin gwaji, shi ne aikin.

Ta ina ake shiga? Tun 1952 jami'ar jihar Michigan take da sashe na musamman don wannan fanni, sai dai matashin Damagaram ko Garwa bai kamata ya zauna jiran digiri mai wannan suna ba. Wanda ya karanta kimiyyar haɗa sinadarai, ko fasahar sarrafa abinci, ko aikin injiniya, ya riga ya kama hanya. Abin da ya rage shi ne ya nemi horo a masana'antar madara, ta mai ko ta ruwan sha, ya tsaya gaban injin liƙe leda, ya ga dalilin da baki ke buɗewa, ya lissafa abin da kowane kwali ke ci daga riba. Aikin akwai gajiya da yawan maimaici, gaskiya ne, kuma masana'antun ba su da yawa. Sai dai buƙatar tana ƙaruwa: Nijar ta kafa dokar hana siririyar leda a 2014, kuma doka irin wannan ba ta da ƙarfi muddin ba a samu masu samar da madadi mai araha ba.

Ɗalibin Hausa ma yana da gurbi a nan. Jikin mazubi shafi ne: ranar lalacewa, yadda ake ajiya, gargaɗi ga mai ciki ko ƙaramin yaro. Akasarin wannan bayani da Faransanci ko Ingilishi yake zuwa, alhali mai sayen da Hausa take ciniki. Masana'antar da ta so gyara wannan za ta nemi wanda zai iya faɗin "a ajiye a inuwa, nesa da danshi" a layi guda, da boko ko da ajami, ta yadda ƴar talla da tsohuwa za su fahimci abu ɗaya.