Tsohon harsashi ba kayan gwangwan ba ne

Lokacin sharar gona ya zo, kuma hauya ba ciyawa kaɗai take tonowa ba. Tun da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a bakin iyakarmu da Najeriya, wajen 2019, makiyaya da masu itace a dajin Baban Rafi kan ci karo da kwanson harsashi, wani lokaci har da wanda bai tashi ba. Yara su cika aljihu, su kai ma mai sayen gwangwan don 'yan dala.

A Faransa da Amurka akwai masu tara tsoffin harsasai kamar yadda wasu ke tara tsoffin kuɗi. Mutum ya juya gindin kwanso, ya karanta abin da aka buga, ya gaya maka masana'antar da ta yi shi da shekarar. Ya san na bindigar Lebel ta 1886, ya san na MAS 36 wadda kakanninmu tsoffin sojan Faransa suka riƙa, ya san guntun na Kalashnikov mai awon 7,62. Su sha'awa ce, cikin kwanciyar hankali da takardar izini.

Mu nan fa, wannan rubutun na gindin kwanso shaida ce. Lamba 539 tana nuna masana'antar Tula ta Rasha, 71 kuma wata masana'anta ce ta Sin, sauran lambobi biyun galibi shekara ce. Da irin wannan masu bincike suka bi sawun makaman da suka watsu cikin Sahel bayan faɗuwar Kaddafi a 2011. To kun ga, duk kwanson da ya shiga buhun mai gwangwan aka narke, an shafe sawun wanda ya harbi wani ke nan.

Ga kuma haɗari. Tsatsa ba ta kashe albarushi. Harsashi ya shekara talatin cikin ƙasa, yaro ya buga shi da dutse ko ya faɗa wutar sharar gona, sai ya fashe, ƙarfen ya tafi da ido ko yatsa.

Mun san abin da ke hana mutane magana, tsoro ne. Talaka na cewa in na kai rahoto, ni za a fara tsarewa a ce ina na samo. Wannan tsoron ba na banza ba ne, kuma hukuma ce ya kamata ta cire shi. Ƙasarmu tana da hukumar CNCCAI mai karɓar haramtattun makamai tun 1994, kuma a Agadas aka ƙone bindigogi a bikin Wutar Zaman Lafiya na shekarar 2000. In an karɓi bindiga daga hannun tsohon ɗan tawaye an yi masa barka, manomin da ya tsinci harsashi a gonarsa bai cancanci tuhuma ba.

Don haka roƙonmu uku ne. Iyaye da malaman lakwal, ku gaya ma yara: kun gani, kar ku taɓa. Wanda ya gani ya sa alama a wurin, ya sanar da mai gari, shi kuma ya kira jandarma. Masu sayen gwangwan, don Allah ku daina karɓa daga hannun yara, ribar ba ta kai idon ɗan wani ba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.