Ba sabis ba ne, wayarku ce

1/ Azumin da ya wuce, sau uku hoton tafsiri a wani masallacin garinmu Farin Dutse yana ɗaukewa ana tsakiyar karatu. Masu kallo a Facebook kowa sai "sabis ne". Ni na ja wayoyin nan da hannuna, wallahi ba sabis ba ne. Ku biyo ni.

2/ 'Yan garinmu mazauna Legas da Fatakwal ne suka yi karo-karo aka sayo ATEM Mini Pro, na'urar sauya hoto ta Blackmagic, da kyamarori biyu. Madalla. Da aka zo kan waya, wani dattijo a kwamiti ya ce min, "Ɗana, waya ai waya ce." Canjin da ya rage aka miƙo min.

3/ Baba, da girmanka, waya ba waya ba ce. HDMI ta tsakanin dikoda da talabijin ce a falo. Da ta wuce mita 10 zuwa 15 sai ta fara gardama. Mu kuwa daga kyamarar bayan sahu zuwa tebur kusan mita 30 ne. Guda biyu muka haɗa da mahaɗi, muka naɗe da salatif.

4/ Ga shi kanta ba ya kullewa. Yaro ɗaya ya taka ta zai je alwala, shi ke nan, allo ya yi baƙi.

5/ Ga yadda za ku gane. In sabis ne, komai ke tsayawa tare, hoto da murya, abin nan yana ta juyi. In kuwa kyamara ɗaya ce ta yi baƙi, ɗayar na aiki, muryar malam na fita garau, to bar kamfanin waya ya huta. Namu haka ya yi duka sau ukun.

6/ Me ya sa gidajen talabijin ke amfani da SDI? Kanta BNC ne, ka murɗa ya kulle. Mai kyau, ta 75 ohm, tana kai hoton 1080 kusan mita 100. Mini Pro ramukan shigar hoto huɗu kawai gare ta, duka HDMI, don haka sai ka sa ƙaramar kwanbata a gindin kyamara ta mayar SDI, wata a tebur ta dawo da shi HDMI. Ko tun farko a sayi ATEM SDI da ta fito a 2022.

7/ Sai wayar intanet. Na'urar nan tana da ramin LAN, da kanta take tura hoto YouTube ko Facebook. Amma wayar da muka samu alminiyum ce aka yi wa shafen tagulla. Kankare ta da reza, in cikin fari ne an yi maka sakiyar da ba ruwa. Saurin karyewa gare ta a bakin kai. Nemi Cat6 tagulla zalla, kada ta wuce mita 100.

8/ Kuma don Allah a daina sarrafa ta da laftof ta Wi-Fi. Masallaci cike, kowa da wayarsa a aljihu. Laftof da na'urar duk a jona su a rauta ɗaya da waya.

9/ Ƙugin nan da kuke ji ƙarƙashin muryar alaramma? Wayar sauti muka kwantar jikin ta janareto. Wannan kam laifina ne, na ɗauka.

10/ Ban ce sabis ɗin yankin Gwaram abin yabo ba ne, kun san yadda muke ɗaga waya sama. Abin da ke ƙona min rai, "sabis ne" ta zama mafaka. Ba wanda zai tambayi ina kuɗin waya ya tafi, mu samarin da muka kwana muna jan igiya mu ne "ba su iya ba". Mutumin da ya cire daga ɗan cinikinsa a Legas don ya ji karatun garinsu, baƙin allo ya kalla.

11/ Bana na rubuta wa kwamiti takarda tun kafin in koma makaranta: SDI mita 40 guda biyu, kwanbata huɗu, Cat6 tagulla, da tabarmar roba ta rufe waya a bakin ƙofa. In ba a saya ba kafin Sha'aban, a nemi wani mai jan wayar.